Zanen Sayi a Ƙarƙashin Goribar Ɗan Gulbi

Wanda zai je Ɗan Gulbi daga Maraɗi, sammako ya kama shi. Motocin hanyar Dakoro ba sa jiran rana ta take, kuma da zarar an bar babbar hanya an faɗa rairayi, tafiya ta koma hannun ɗan kabu-kabu ko direban da ya san inda yashi ke riƙe taya. Da kaka na tafi. An gama yankan hatsi, dammuna jingine a bakin gonaki suna jiran amalanke, shanun Fulani sun fara gangarowa cin kara. Mun wuce Tsibiri ana sallame sallar asuba, daga nan ƙasa ta buɗe: gawo ya fara fitar da ganye, kalgo da sabara a gefen hanya, sababbin rumbuna a bayan kowane ƙauye.

Wani abokina da ke koyarwa a yankin ne ya gayyace ni, ni kuma na ɗauko masa tsarabar da na san za ta yi masa daɗi: kwafin wani tsohon zane na Kogin Isa, wanda mutanen kudu ke kira Kwara, a daidai garin Sayi. Zanen ya fito ne daga littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya ratsa ƙasashenmu da sunan Abdulkarimu. Tsakanin Sayi da Ɗan Gulbi akwai tazara mai yawa, kuma ruwan ɗaya bai taɓa ratsa ɗayan ba. Amma akwai abin da ya haɗa su, shi ya sa na ga ya dace zanen ya kai can.

Ranar 20 ga Yuni 1853 Barth ya iso bakin kogin. Tun ƙarshen 1852 ya baro Kukawa, ya bi ta Damagaram da Katsina, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu, ya zauna a Wurno da Sakkwato, sannan ya yada zango a Gwandu, inda ya sami kwafin Tarikhus Sudan ya kwafi abin da hali ya ba shi. Tumbuktu ya nufa, Sayi kuwa ita ce mashigi. Ya kiyasta faɗin ruwan a wurin ya kai yadi 700. Jiragen fiton da ya tarar kututture biyu ne aka fafe aka ɗinke a tsakiya, tsawonsu kamar ƙafa 40, babban cikinsu ya ɗauki raƙumansa uku a tashi guda. Garin a lokacin bai tsufa ba: wajen 1825 Alfa Mahamman Jobbo, malami Bafulatani, ya zauna a wurin, almajirai da fatake suka taru a gindinsa, garin ya bi Gwandu. Nan wasu ayarin Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro ke ƙetarewa. Barth bai yaba zaman garin ba, don yana kwance cikin kwari ga zafi, amma ya lura cewa in Turawa suka iya hawowa da jiragensu suka wuce duwatsun da suka tare kogin ta ƙasa, wannan mashigi zai yi musu amfani ƙwarai. Mai karatu ya riƙe wannan.

Abin da ke kan takardar bai da yawa: ruwa mai faɗi, jirgin fito, mutane ƙanana a gaɓa, sararin sama. Yadda aka yi shi ne abin tsayawa a kai. Barth ba zane ne sana'arsa ba. Zayyana yake yi da fensir cikin littafin aljihu, sau da yawa cikin gaggawa. Da ya koma Turai a 1855, sai aka miƙa zayyanar ga Johann Martin Bernatz a birnin Munich. Shi Bernatz ya taɓa zuwa Habasha, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ko bakin Isa ba. A kan dutse aka yi aikin, dabarar da Alois Senefelder ya ƙirƙiro a 1796: a goge farar ƙasar dutse ta yi sumul, a zana da alli mai maiƙo, a jiƙa da ruwa, a shafa tawada, tawadar ta kama inda maiƙo yake ta ƙi inda ruwa yake, sannan a danna takarda. Kowane launi da nasa dutsen. Littafin ya fito mujalladi 5 a 1857 da 1858, da Turanci a Landan, da Jamusanci a Gotha, kamfanin Harper kuma ya buga nasa a New York. Ke nan idon da ya ga Sayi daban, hannun da ya fitar da ita ga duniya daban. Hasken da ke kan ruwan da tsayuwar mutanen gaɓa, wani kaso nasu a Munich aka haife shi. Wannan bai sa na raina zanen ba. Shaida ce, kuma ba mu da irinta da yawa. Sai dai a san irin tambayar da za a yi mata.

A wannan zamanin ne kuma masu sassaƙa hoto kan ƙarfe da katako ke ta fitar da biranen kogunan Amurka, waɗanda har gobe masu tara kayan tarihi ke saye suna ratayewa a ɗaki. St. Louis a bakin Misisipi misali ce mai kyau. Faransawa masu fataucin fatu suka kafa ta a 1764, Faransa ta sayar wa Amurka da yankin baki ɗaya a 1803, jiragen tururi suka mai da ita ƙofar yamma. A cikin hotunan, jiragen a jere suke a gaɓa, hayaƙi na tashi, hasumiyar coci a baya. Hotuna ne masu kiran baƙo ya zo ya zuba jari. Galibinsu ba sa nuna gobarar 1849 da ta cinye jirage 23 da wani yanki na birnin, kuma bayi 'yan asalin Afirka da ke loda kaya a gaɓa, in ma sun fito, ɗigo-ɗigo ne a gefe. A 1874 aka buɗe gadar Eads, jirgin ƙasa ya riƙa ƙetare kogin ta sama, harkar jiragen tururi ta ci gaba da ja da baya. Mai kallon hoton yau yana ganin birnin a ranar da kogi ke mulki, kafin gada ta karɓe.

Da hantsi muka gangara cikin Gulbin Kaba. Ba sai an faɗa maka ba: tudun rairayi ya kare, ƙasa ta yi duhu, goriba ta cika ido, wasu dogaye masu reshe biyu da huɗu, mafi yawa kuwa gajerun kaba ne a duƙunƙune har iya gani. Ruwa mai gudu babu. Kwarin ya taso daga wajen iyakar Najeriya ta gabas, ya yi baka ta ƙasar Tasawa da Mayahi da kudancin Dakoro, ya sake komawa kudu maso yamma ya nufi Gulbin Rima, wanda ya wuce Sakkwato ya faɗa babban kogi can ƙasa da Sayi. Amma ya daɗe da daina gudu daga kai har gindi. Da damina sai tafkuna nan da can. Sauran ruwan yana ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa rijiyar kwari ba ta kai zurfin ta tudu ba, shi ya sa kuma goriba ta zauna.

Abokina ya sauke ni, aka kawo hura da nono. Da la'asar ya kai ni gaisuwa wurin dattawan da ke zama a inuwa kusa da masallaci. Bayan an gaisa an tambayi gajiya da mutanen gida, ya ce baƙon nan ya zo da hoton da ya girmi kakannin kowa. Na warware takardar, ta bi hannu-hannu. Wani tsoho da ya yi shekaru yana cin rani a bakin teku, ya ƙetare Isa a Gaya ya fi a ƙirga, ya riƙe ta nesa da fuska ya daɗe yana dubawa.

"Ɗana, wanga ruwa na wane lokaci ne?"

Na ce, "Farkon damina ne, Baba."

"To, ai lokacin ne ruwan ya fi janyewa. Da mai zanen ya dawo da sanyi, da wata takarda zai nema, wagga ba ta ɗaukar shi."

Gaskiya ya faɗa. A wannan yanki na kogin, ruwan da ya sauka a duwatsun Gini sai ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso, don haka cikar kogi a Yamai da Sayi tana zuwa ne wajen Janairu da Fabrairu, tsakiyar hunturu, ƙarancinsa kuwa a Mayu da Yuni. A Yunin 1985, bayan munanan shekarun fari, ruwan ya tsaya cak a Yamai. Tsohon bai karanta wannan a ko'ina ba. Ƙafarsa ce ta sani. Ni kuwa na ji daɗin tambayar har cikin raina, don ita ce ta farko da ya kamata a yi wa kowane hoton garin bakin ruwa, kuma masu sha'awar irin waɗannan hotuna ba su cika yin ta ba.

Wani daga cikinsu ya tambayi abin da ya haɗa su da Sayi har na ɗauko ta tun daga nesa. Nan na ba su labarin layi. Ranar 5 ga Agusta 1890, shekara 37 bayan Barth ya tsaya a gaɓar, Ingila da Faransa suka sa hannu kan wata takarda: a ja layi daga Sayi a bakin Isa zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, arewa ta Faransa, kudu ta Ingila, amma a karkata shi yadda ƙasar Sakkwato za ta faɗa ɓangaren Ingila. Waɗanda suka ja layin ba su taɓa shan ruwan rijiyar Gobir ba. Taswira da littattafan matafiya suke dubawa, na Barth kuwa na kan gaba. A 1898 aka sake zama, aka zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Da an tsaya kan wannan takarda, da Maraɗi da Tsibiri suna ɓangaren Ingila. Abin da ya sauya lissafi ruwa ne. Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu daga kogi zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyin da za su ɗauki ayari, suka nemi a turo iyaka kudu. Aka yi haka a yarjejeniyar 1904 da ta 1906, sannan Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Sakamakon yana nan a aljihun kowa: Bagobirin wannan kwari yana ƙirga kuɗinsa da jika da dala, ɗansa na koyon Faransanci, ɗan'uwansa na Sabon Birni kuwa naira da Turancin Ingila.

Dattawan ba su yi mamaki ba. Ɗaya ya ce, "Ai Gobir ba ta taɓa bin Sakkwato ba, Malam, ko ba Nasara." A nan hira ta bar hannuna ta koma nasu, na zama mai saurare. Suka kawo faɗuwar Alƙalawa da mutuwar Yunfa, wanda littattafai suka sa a 1808. Suka kawo Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka kwanta dama a 1836, da yadda Mayaƙi ya kafa Tsibiri bayan nan. Ba su faɗi shekara ko ɗaya ba, amma jerin sarakuna da wanda ya gaji wane, ba su yi tuntuɓe ba.

Wannan ne ya sa ni tunanin Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth. A Janairun 1851 suka rabu a ƙasar Tasawa: Barth ya yi kudu zuwa Katsina da Kano, Overweg ya yi yamma zuwa Maraɗi da Gobir, ya zauna cikin mutanen da ke yaƙi da Sakkwato, ya ga garuruwansu da idonsa. Bai rayu ya rubuta littafi ba. Zazzaɓi ya kashe shi a Maduwari, bakin Tafkin Chadi, ranar 27 ga Satumba 1852. Shi ya sa duniya ta san Kano daga kan Dala, ta san Sayi da Tumbuktu ta hannun Bernatz, amma ɓangaren da ya ƙi bin jihadi bai shiga littafin da irin wannan kwalliya ba. Barth ya ji labarin Gobirawa da Maraɗawa ne galibi daga bakin abokan gabarsu, a matsayin masu tare hanya. Abin yana damuna, domin ƙaddarar zazzaɓin mutum ɗaya ta shiga cikin abin da ya yanke wane gari za a tuna da fuskarsa.

Maraɗi kuwa ita ce garin bakin gulbi da ya fi cancantar a ce an zana. Sarautar Katsina da aka kora ce ta zauna a can, Ɗan Kasawa ya kafu wajen 1819, garin yana kwance cikin fadama, kurmi ya kewaye shi yana kare shi daga dawakin abokan gaba. Gulbin da ya tsare shi fiye da shekara ɗari shi ya cinye shi: a 1945 ambaliya ta rushe tsohon garin, Faransawa suka hau da shi tudu suka yanka tituna miƙaƙƙu kewaye da fadar sarki. Unguwannin suka hau da sunayensu, Bagalam da Limanci da 'Yandaka da Maraɗawa, har da wata mai suna Ɗan Gulbi. Mai son ganin tsohon Maraɗi yau sai ya gangara cikin lambuna ya nemi tsohon da zai nuna masa da sanda inda ƙofa take.

Ita ma Sayi ba ta tsira ba, ko da yake ba ruwa ne ya ci ta ba. Faransawa sun shige ta a 1897. Hedikwatar mulki ta bar Damagaram ta koma Yamai a 1926, hanya da ciniki suka bi ta. A 1970 aka gama gadar Kennedy a Yamai da kuɗin Amurka, mota ta riƙa ƙetarewa ba tare da jiran mai fito ba. Abin da ya rage wa Sayi shi ne abin da Alfa Jobbo ya fara da shi, wato karatu: a can aka buɗe Jami'ar Musulunci a 1986.

Washegari da safe na bi matan gidan da na sauka zuwa wurin aikin kaba. Uwar gidan tana zaune ta miƙe ƙafa, tsagaggiyar kaba a gefenta, wata fara wata rinanniya, yatsunta na tafiya ba ta ko duban su. Na ce, "Sannu da aiki, Inna." Ta ce, "Yawwa ɗan nan, zauna ka gani." Ta nuna mini yadda ake yanko ɗanyen ganye, a shanya, a tsaga, a saƙa dogon ɗauri, sannan a ɗinke shi ya zama tabarma. Daga kabar nan ake igiya da faifai da malafa da mafici. Yara na gwaguyar goriba, suna fasa ɗanya su ci ƙwalshi, ƙodago kuma ya shiga murhu. Ta ce da can ba sa nisa suke cika ɗauri, yanzu masu yanka sun yi yawa, har daga wasu garuruwa ake zuwa da amalanke. Kabar da ake yanka kullum ba ta tashi ta zama itace; tana nan a duƙe har ta gaji. Shi ya sa wasu manoma suka fara keɓe 'yan tsiro a gonakinsu suna hana taɓawa, irin sassaben zamani da ya bazu a jihar Maraɗi tun shekarun 1980. Ta nuna mini wasu dogayen goriba can gefen kwari, ta ce a gabanta suka tashi, kuma da aka aurar da ita ruwa na kwana a gindinsu har bayan kaka. A ganina wannan ma shaida ce mai nauyin ta Bernatz, ta ma fi ta da abu ɗaya, don ita ta ga wurin shekara da shekaru, da rani da damina.

Akwai wanda na so ɗaliban abokina su sani, shi ya sa da ya ce in shiga aji ban yi gardama ba. A cikin ayarin Barth da ya ƙetare Isa a Sayi akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, ɗan Dambanas ta wajen Kance. An kama shi bawa yana ƙarami, Overweg ya 'yanta shi a Barno, bayan mutuwar Overweg ya bi Barth har Tumbuktu, sannan har Ingila a 1855 tare da abokinsa Abbega. A can ya zauna da J. F. Schön ya ba da labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, aka rubuta, ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Yana cikin labaran Hausa na farko da aka rubuta da boko. Ya dawo gida, ya rasu a Kano a 1912. Da na faɗi haka ajin ya yi tsit, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, yana cikin hoton?" Abokina ya ce mata mai zanen bai sa sunan kowa ba, amma yaron ya shiga jirgin kamar yadda Baturen ya shiga, kuma ya faɗi nasa da bakinsa.

Daga nan ya raba musu takardu, ya ce kowa ya fita ya zana gulbin garinsu yadda ya gan shi yau. Ya kafa sharaɗi biyu: a rubuta wata da shekara a ƙasan zanen, kamar yadda tsohon nan ya nema, kuma duk rijiya ko gona ko itacen da aka zana a tambayi iyaye sunansa a rubuta. Suka watsu cikin kwari. Da suka dawo, wani ya zana rijiya da jakuna na jan guga, wata ta zana kakarta da tabarma, wani yaro kuma ya cika takardarsa da goriba har ba wurin rubutu, sai a baya ya sa watan. Abokina ya ce zai adana su a akwatin makaranta, baɗi da damina a sake, a ga bambanci. Ya roƙe ni in nemo masa zanen Kano daga kan Dala da na Agadas daga littafin, don yaran da iyayensu ke zuwa can cin rani su gwada da abin da ake ba su labari. Mun shirya zan ba direban da ke zuwa ranar kasuwa ya kawo masa, tare da fensir da farar takarda, don waɗanda ke makarantar sun kusa ƙarewa.